Baba Zauna-Tukuna da Kwikwiyon Gwaggo

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, mai gyaran takalmin layinmu ya riga ya iso rumfarsa da ke kan kwana. Zai share wurin, ya jawo benci, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙasa, ya jera basilla da zare da gwangwanin gam da 'yar gudumarsa, sannan ya tuɓe nasa takalman ya ajiye gefe. Mutumin da ya tsufa yana gyara takalman jama'a, shi ba ya iya aiki da takalmi a ƙafa. Ko da gudu ka zo masa kana rantsuwa motarka za ta tashi, ba zai ɗaga kai ba. "Zauna tukuna," abin da zai ce ke nan. Da haka sunan ya bi shi, har akwai waɗanda suka yi aure suka hayayyafa a layin nan ba su san yana da wani suna ban da Baba Zauna-Tukuna ba.

A watan nan ne yake ajiye basilla, don ido ya ƙi, zare ya daina samun kafa. Mutane za su yabe shi a kan ɗinki, kuma ya cancanta. Amma aikin da ya fi tsaya wa layinmu a rai ba na fata ba ne. Aikin wani kwikwiyo ne da ya kusa haukata mu gaba ɗaya, shi Baban ma bai tsira ba.

Gida na kusa da rumfar na wata dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo. Tela ce a da, mijinta ya rasu, kunne kuma ya yi nauyi har sai ka ɗaga murya kamar kana kiran wanda ke tsallaken titi. Ita kaɗai take zaune, kuma haka take so. Wata safiya ta tsinci kwikwiyo a bakin kwata, ƙafa ɗaya a ɗage, haƙarƙari a waje. Waɗanda suka gani sun ce wasu ƙarti ne a tashar mota suka mai da shi ƙwallo. Ta yi jinyarsa a tsakar gida, ya warke, sai ga shi ya zama kunnenta. Tukunya ta yi bori, zai zo ya ja bakin zanenta. Waya ta yi ƙara, zai ja. Maƙwabciya ta buga ƙofa, zai ja har sai ta tashi.

Amma fa in mace ce ta buga. In namiji ne ya buga, ko inuwarsa ta gifta, kwikwiyon nan zai shige bayan duron ruwa ya dunƙule, jiki na ɓari, fitsari na bin ƙafarsa, ko uffan ba zai ce ba. Mai karanta mita ya buga ya gaji ya tafi. Ma'aikacin asibitin da ke zuwa auna mata jini ya buga ya gaji ya tafi. Sai ranar da ɗanta, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ya yi ta bugu shiru, ransa ya ba shi ta mutu a ciki, ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Ya tarar da ita tana tsintar wake hankali kwance, karen kuma yana bayan duro.

"Inna, wannan ne mai gadin naki?" in ji direban, da muryar da ta kai har rumfar Baba. "Zan yi tafiyar nan in dawo. In na same shi yadda yake, buhu zan sa shi in sauke shi inda ba zai gane hanya ba. Ke kuma ki haɗa kayanki, gidana za ki koma."

Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Amma gidan nasa hawa na sama ne a wani dogon bene, Gwaggo kuwa gwiwa ba ta hawa matakala. In ta hau, ta hau ke nan, ba tsakar gida, ba maƙwabta, ba keken ɗinkinta.

Da hantsi ta fito da silifarta da kwikwiyon ya tattauna, tana share ido da gefen mayafi, shi kuma yana manne da dunduniyarta. Baba ba mai son karnuka ba ne, ya sha faɗa, har gobe ma yana faɗa. Ya karɓi silifar yana tsaki.

"Gwaggo, ki rabu da abin nan mana. Ga shi ya fara cin takalmi."

"Me ka ce? Ya fara cin abinci? Ai yana ci sosai, Malam, tsoro ne kawai ke kashe shi."

Baba ya buɗe baki zai maimaita, sai ya lura da wani abu. Shi ma ai namiji ne, ga gemu, ga murya, amma kwikwiyon bai gudu ba. Yana laɓe dai, yana leƙe. Kuma ba fuskar Baba yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo. Can sai wani mai gadi ya wuce da manyan takalmansa ƙwas ƙwas, nan take kwikwiyon ya narke a ƙasa ya jiƙa wurin. Baba ya dubi takalman da suka wuce, ya dubi nasa ƙafafun da ba komai a kansu.

"Ki riƙa kawo shi da safe," ya ce da ƙarfi, yana jin haushin kansa tun kafin ya rufe baki.

Kada wani ya ce Baba ya san abin da yake yi tun farko. Bai sani ba. Ranar farko ɗaukar kwikwiyon ya yi cak, ya miƙa wa mazan da ke benci, wai kowa ya shafa shi ya ga ba cinye shi za a yi ba. Kwikwiyon ya sandare kamar itace, ya wanke wa Baba cinya da fitsari, ya kuma ƙi cin abinci har washegari. Gwaggo ta zo ta yi masa tas a gaban mutane, kuma da yake ba ta jin amsarsa, ita ce ta ci faɗan. Baba ya wanke wandonsa yana ƙunƙuni, ya sake dabara.

Ya samo kwali ya huda shi gaba da baya, ya ajiye bayan tulin takalman da ke jiran gyara, yadda kwikwiyon zai shiga ya fita ba wanda ya tare masa hanya. Ya ce abin da ya cuce shi takalmi ne, to bari ya fara sanin takalmi ba ƙafa a ciki. Tulin nan kuwa warin kowane namijin layinmu na cikinsa. Sai Baba ya riƙa marmasa burodi yana zubawa cikin takalman. Kwikwiyon ya yi ta kewaya su yana ja da baya, har yunwa ta fi tsoro ƙarfi, ya tura hanci cikin takalmi sau-ciki na wani malamin makaranta ya cinye. Daga nan ya shiga bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kasuwa.

Mu kuma muka shiga uku. Wanda ya karɓi takalminsa bai kakkaɓe ba, kiyashi ne za su yi masa sallama a tsakiyar hanya. Mai gyaran wuta ya yi rawa a bakin titi da ƙafa ɗaya, ba kiɗa ba ganga. Wasu suka ce su ba za su sa takalmin da kare ya lasa ba, kuma suna da gaskiyarsu, sai Baba ya ajiye baho da sabulu, kowane takalmi ya wanke shi tas ya shanya kafin ya miƙa. Aikinsa ya ninka, wasu kuma duk da haka suka kwashe cinikinsu suka kai wani layi. Takalmin da mai aski ya tanada don zuwa gaida surukansa, kwikwiyon ya cinye masa maɗauri ɗaya ƙaf. Baba ya yanka sabuwar fata ya ɗinka, mai aski na tsaye a kansa yana kumfar baki.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan dokokin benci. Ka zo, ka tuɓe takalmi, ka zauna ka ba kwalin gefenka. Ba ka kallon kwikwiyon, ba ka kiransa, ba ka yi masa fito, ba ka miƙa hannu. In Baba ya ba ka guntun burodi, ka yar a bayanka kamar ya suɓuce maka, ka ci gaba da hirarka a hankali. Dokar ke nan, ko yaron goye zai iya. Amma wallahi ka tara maza manya masu iyali ka ce su zauna kada su yi komai, sai ka ga abin takaici.

Kowa gwani ne. Mahauci ya zo da ƙashi yana turawa cikin kwalin, wai ba karen da ya taɓa ƙin sa. Wani tsohon soja ya ce tsoro da tsoro ake cire shi, a bar shi ya daka masa tsawa sau ɗaya. Baba ya miƙa masa takalminsa ba gyara, ya nuna masa hanya. Mai aski kuwa ba ya iya dariya sai ya buga cinya. Baba ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya yi gatse, har muryarsa ta dishe.

"Ni ban ce ku ɗauki dutse ba," yake cewa. "Cewa na yi ku zauna. Zaman ma sai an koya muku?"

Wanda ya fi ƙona masa rai mai gyaran wuta ne, kuma shi ya fi kowa son abin ya yiwu. Bayan an daɗe ana fama, wata safiya kwikwiyon ya fito da kansa, ciki na jan ƙasa, ya matso har ya sa hanci a babban yatsan mutumin. Sai bawan Allahn nan ya tafa hannu ya miƙe tsaye: "Ya zo! Baba, ya zo wurina!" Kwikwiyon ya bi ta cikin kwalin ya fita ta baya, ya kifar da gwangwanin gam, bai tsaya ba sai bayan duron Gwaggo. Baba ya ajiye guduma, ya riƙe kai da hannu biyu. An ce ranar bai ƙara yi wa kowa magana ba, har zauna tukunan ma da hannu ya riƙa nunawa. Washegari ya sake marmasa burodi, aka koma farko.

Baba, a nan ne muka san kai waye. Kai ne wanda ya rantse ya wanke hannunsa daga sha'anin kare, gari na wayewa aka gan ka kana gyara kwali. Kai ne mai faɗa da baki, hannu na aiki. Ba ɗanka ba ne, ba karenka ba ne, ba wanda ya sa ka. Ka dai ƙi yarda a kwashe tsohuwa daga tsakar gidanta saboda wasu marasa imani sun yi wasa da ƙafa.

Da kwikwiyon ya saba da benci, har yana ratsa ƙafafun mutane yana neman burodi, sai Baba ya ɓullo da wata sabuwar wahalar. Ya ce ai matsalar ba a rumfa take ba, a ƙofar Gwaggo take. Saboda haka duk takalmin da ya gama, sai ya kai shi tsakar gidanta ya jera. Kana son kayanka, ka sa silifar aro, wadda ƙafa ɗaya ja ce ɗaya shuɗiya, ka taka zuwa ƙofar, ka buga a hankali, ka ja da baya ka tsuguna. Manyan mutane, masu tumbi da furfura, tsugune a ƙofar tsohuwa suna jiran kare ya yi musu iso. Masu wucewa suna dariya, mu muna zagin Baba a ciki. Da fari sai a tsuguna har ƙafa ta yi tsami ba a buɗe ba. Daga baya aka fara jin Gwaggo daga ciki tana cewa, "To, to, sakar mini zane, na ji."

Abu ɗaya Baba ya roƙe ta a ɓoye: tsofaffin takalman ɗanta da ya bari a ƙarƙashin gado. Su ya ajiye a bakin kwalin, kuma a cikinsu yake zuba burodi mafi yawa.

Direban ya dawo da safe, ko gida bai shiga ba ya tsaya a rumfa, don an gaya masa karen na nan. Buhu na hannunsa. Ya buga ƙafa ya kakkaɓe ƙura kamar yadda ya saba, kwikwiyon ya shige kwali. Gwaggo na zaune a ƙarshen benci.

"Baba, ina kwana. Na zo ɗaukar abin nan ne, mota na jira."

"Zauna tukuna."

"Baba, sauri nake."

"Na ga saurin. Ƙasan takalminka ya buɗe baki, da shi za ka taka birki? Miƙo."

Gaskiya ɗan buɗewa ne kaɗan. Amma yana shiga hannun Baba, ya sa yatsa ya ɓare shi har dunduniya, ya shafa gam, ya ajiye can nesa. "Sai ya sha iska," ya ce. Ya karɓi ɗayan ma, wai kada su bambanta. Direban ya zauna ba takalmi, yana huci, ya juya ya fara ɗaga wa uwarsa murya daga inda yake.

"Kai," in ji Baba, "wa kake wa ihu? Kullum a tsaye kake zuwa, a bakin ƙofa, kana tsawa. Abin nan ya ɗauka dukanta za ka yi. Koma hagunta, kunnen can yana ɗan ji. Matsa kusa, ka yi magana kamar mutum."

Direban ya harare shi, amma ya matsa. Ya sunkuya ya ce, "Inna, kin tashi lafiya?" Gwaggo ta juyo da sauri ta dube shi, don rabon da ta ji muryar ɗanta ba tsawa har ta manta. Ta ce lafiya lau. Ta tambaye shi hanya, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya rame. Hira ta ɗauke su, gam na shan iskar da ba ta ƙarewa.

Ba wanda ya ga fitowar kwikwiyon sai Baba da mutanen benci. Ya je ya shinshina takalman direban da ke shanye, ya ji warin da ya saba samun burodi a ciki. Ya bi warin har ƙafar mai shi. Mahauci ya kafa wa sama ido. Mai gyaran wuta ya cusa hularsa a baki ya cije. Kwikwiyon ya shinshina, ya ja baya, ya dawo, ya kewaya, sannan ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafar direban.

Direban ya dubi ƙasa, zai motsa. "Ka motsa in ɓare ɗayan," in ji Baba a hankali. Haka ya zauna har ƙafar ta mutu.

Amma direba bai sauka da sauƙi ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ya ce mazan bencin nan duk karen ya san su, shi kuma an yi masa dabara. Ranar da baƙo zai buga fa? Ya sa aka mai da Gwaggo da kwikwiyon cikin gida, ya kira abokin tuƙinsa daga mota, wani dogo mai faɗin kafaɗa wanda bai taɓa taka layinmu ba, ya ce ya buga yadda ya ga dama. Mutumin ya buga da ƙarfi. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Direban ya dubi Baba, ya warware buhunsa. Basillar da ke hannun Baba sai da ta faɗi.

Sai muka ji ƙarar sakata. Gwaggo ta buɗe, bakin zanenta a jiƙe da yawu, kwikwiyon na bayan ƙafafunta yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ta ce sai da ya fara gudu bayan duro, ya fito, ya koma, sannan ya zo ya ja ta. Tsoron bai bar shi ba, amma ya zo.

Direban ya daɗe yana kallonsu. Ya ninke buhun gida huɗu, ya shiga ya shimfiɗa shi a gindin duron. "Ƙasan nan da sanyi," ya ce, bai dubi kowa ba. A kan buhun karen yake kwana har yau.

Ya girma yanzu, kuma ba za mu yi ƙarya ba, bai zama jarumi ba. Baƙo mai manyan takalma in ya zo da gaggawa, har yanzu sai ya ja baya ya duba ƙafarsa. Amma ma'aikacin asibiti yana shiga ya auna jini, mai mita yana karanta mitarsa, Gwaggo na tsakar gidanta tana taka kekenta. Direban kuma in ya dawo, a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi, ya zauna a hagun uwarsa.

Baba Zauna-Tukuna, mai basilla mai haƙuri, mun gode. Mun gode da ɗinkin, mun gode da faɗan, mun yafe kiyashin, har silifar aro mai launi biyu mun yafe. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya ba ka hutun da ka hana kanka. Ku kuma 'yan'uwana maza, in kun ga abin da ke tsoronku, kare ne, yaro ne, ko tsohuwa, kada ku ce ai ku ba mugaye ba ne, ku afka masa da hannu a miƙe. Ku sassauta murya, ku rage tsawo, ku bar shi ya zo da ƙafarsa.

Jiya mun wuce rumfar. An kwashe kayan aiki, bencin kawai ya rage. Baba na zaune a kai ba takalmi, karen Gwaggo ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Mai gyaran wuta ya ce, "Baba, taso mu raka ka gida mana, rana ta yi."

"Ni fa ba na son karnuka," in ji Baba, yana hararar abin da ke kwance a ƙafarsa. "Amma ba ka ga barci yake ba? Zauna tukuna."